Fim ɗin duk jini ne, amma na kasa kashewa

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Na kalli wani fim, labarin uba ne da aka kashe masa ɗa ya fita ɗaukar fansa, daga farko har ƙarshe ba dariya ba sassauci, shi ɗin ma bai tsira ba, amma wallahi na kasa tashi, har na kwanta fuskar mutumin nake gani. Yayana ya ce jinin ne kawai ke riƙe mutane. Wai haka ne?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Ki gai da yayan naki amma ban yarda da shi ba, ke da bakinki kika ce fuska ce ta bi ki har gado. Jinin fim galibi ruwan sukari ne mai kauri da jar kala, ko wane darakta zai iya kwarara bokiti guda, amma in ba a sa kin san mutumin ba ko goma aka kashe ko a jikinki.

Wahalar irin wannan rol ɗin a canzawa take. Ki tuna uban a sin (wato fitowa) na farko, tafiyarsa da yadda yake kallon mutane, ki haɗa da na ƙarshe, kuma fa ba a jere ake ɗaukar fim ba, lokeshan ake bi, wani lokacin ma ƙarshen ake fara ɗauka, kenan dole jarumi ya san a kowane sin ina zuciyar mutumin ta kai wajen ƙeƙashewa, in ya cika zafi tun da wuri to ba abin da zai rage masa a gaba. Stanislavski, ɗan Rasha da suka kafa gidan wasan kwaikwayo a Mosko a 1898, abin da ya dinga koyarwa kenan, ɗan wasa ya san me mutumin yake so a daidai wannan lokacin, ba wai ya dinga zare ido don a ce ya iya fushi ba. Ni dai masu ihu sun gundure ni.

Amma fa kar a ba jarumi yabon duka, edita, mai yanka hotunan fim ya jera su, shi ma yana da kasonsa. Wani ɗan Rashan, Lev Kuleshov, ya taɓa jera hoton fuska guda da hoton kwanon miya a fim, sannan da na akwatin gawa, 'yan kallo suka ga yunwa a nan suka ga baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta canza ba.

In kina son gwadawa ki koma sin ɗin da ya biyo bayan kisan farko da uban ya yi, ki kashe sauti, ki kalli hannayensa kawai. Da rana dai, tunda kin ce ya hana ki barci.