Amsa kan dokokin zauren marubutan almara da ƙagaggun labaran kimiyya

Malama, kin tambaya yadda za a tsara dokokin da ba za su sa wani marubuci ya ji an ware shi ba. A ganina, saɓani ya fi tasowa lokacin sharhi kan labaran juna, don haka daga nan ya kamata a fara. Taron marubuta na Milford, wanda aka kafa a Amurka a 1956, ya shahara da tsarin da marubuci yake yin shiru har kowa ya gama sharhinsa bi da bi, sannan ya yi magana. Tsarin yana hana cacar baki, amma yana iya tauye wanda ya gina duniyar labarinsa kan al'adar da masu sharhi ba su sani ba, saboda haka a ba shi damar yin gajeren bayani tun farko.

A rubuta ƙarara cewa labarin ake suka, ba addini, jinsi, nakasa ko karin harshen mai shi ba. Labarin da ke ɗauke da fyaɗe ko azabtarwa a sa masa gargaɗi daga sama. Hukuncin korar mamba kuwa kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya, kuma wanda aka kora ya sami damar ɗaukaka ƙara.