A Yi Haƙuri da Koci Ko A Haƙura da Shi? Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karon sun zo ne daga masu bibiyar wasannin jami'o'in Amurka, inda duk ƙarshen kakar wasa magoya baya ke rabuwa gida biyu a kan kocin da ƙungiyarsa ta sha kaye: wasu a kore shi, wasu a ƙara masa lokaci. Kowane ɓangare kuwa karin magana yake jawowa ya kafa hujja da ita.

Wani ɗalibi da ke karatu a can ya rubuto cewa a cikin gardama ya ce wa abokinsa "ni dai na haƙura da kocin nan", yana nufin ya amince a ba shi wata kakar, sai abokin ya ɗauka ya goyi bayan kora. Yana tambaya, waye ya yi kuskure?

Abokinka ne ya ji daidai. "Yi haƙuri da wani" shi ne ka jure halinsa, ka ci gaba da zama da shi. "Haƙura da wani" kuwa, a bakin mafi yawan Hausawa, cire rai ne. In mutum ya ce ya haƙura da bashin da yake bi, ya daina sa ran za a biya shi. In aka ce saurayi ya haƙura da yarinya, maganar aure ta mutu. Saiwar ɗaya ce, amma ɗaya sunan hali ne da ake yi, ɗaya aikatau ne da ke nuna an kai ƙarshe an saki. Akwai inda "haƙura" kan ɗauki ma'anar yarda da abin da ya samu, kamar "ya haƙura da ɗan abin da aka ba shi", amma ko a nan ma an cire rai ne daga abin da ya fi. Don haka in kana so a bar koci a kan aikinsa ka ce "a yi haƙuri da shi", ko "a ɗaga masa ƙafa", ko "a yi masa uzuri". Ukun ma ba ɗaya ba ne. Ɗaga ƙafa jinkirta hukunci ne, hukuncin yana nan yana jira. Uzuri kuwa sai an kawo dalili: manyan 'yan wasa sun ji rauni, ko ya gaji ƙungiyar da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta rage wa guraben tallafin karatu saboda laifin wanda ya gabace shi, kamar yadda koci Frank Beamer ya tarar a jami'ar Virginia Tech a 1987.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Wata mai karatu ta ce masu kare koci kullum sai su ce "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa", masu neman kora kuma su ce "jiran gawon shanu" ake yi. Tana son a fayyace ma'anar kowanne, da inda ya dace a yi amfani da shi.

Mu fara da na biyun, domin shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa suna zaton gawar saniya ake nufi. Nahawu bai yarda ba: gawa jinsin mace ce, da ita ce sai a ce "gawar shanu". Gawo ake nufi, itacen nan da ke kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, wanda shanu ke son 'ya'yansa. Saniya ba ta hawa bishiya, ba ta iya girgiza ta. Tsayawa take yi a gindi tana jiran iska ta kaɗo mata. Ma'anar ke nan: jiran da mai yinsa ba shi da hannu a cikin abin da yake jira, ba shi kuma da ranar samu.

Karin maganar dutse kuwa, a duba aikatau ɗin da ke cikinta: dafa. Dahuwa aiki ce, da wuta da itace da mai tura su. Ba a ce mai haƙuri yakan zauna kusa da dutse ba. Saboda haka karin maganar biyu ba sa karo da juna. Ɗaya tana magana a kan jiran da ake aiki a cikinsa, ɗaya a kan jiran da babu komai a ƙarƙashinsa. Abin da ya kamata magoya baya su yi gardama a kai shi ne, wanne ne a gabansu?

Misalin da masu haƙuri suka fi so shi ne Mike Krzyzewski, kocin ƙwallon kwando na jami'ar Duke. An ɗauke shi a 1980. Kakarsa ta farko ya ci wasa 17 aka cinye shi 13, ta biyu 10 da 17, ta uku 11 da 17. Kakar ta uku ma da abin kunya ta ƙare, Virginia ta lallasa su da maki 109 da 66 a 1983. Masu ba jami'ar gudummawar kuɗi suka matsa a sallame shi, daraktan wasanni Tom Butters ya ƙi, ya ma tsawaita masa kwantiragi a 1984. Daga baya ya ɗauki kofin ƙasa sau biyar, a 1991 da 1992 da 2001 da 2010 da 2015. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake abin da Butters yake gani. A 1982 Krzyzewski ya kawo sababbin ɗalibai da suka haɗa da Johnny Dawkins da Mark Alarie da Jay Bilas da David Henderson. 'Yan shekarar farko ne aka jefa su cikin wasa da manya, shi ya sa suka sha kashi. Kaka ta gaba suka ci 24, kuma su ɗin ne suka kai wasan ƙarshe na ƙasa a 1986. Wuta na ci a ƙarƙashin tukunyar, ana ganin hayaƙinta.

Sai a ajiye wannan kusa da Scott Frost na Nebraska, a ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Ɗan gida ne, shi ya jagoranci 'yan wasan jami'ar a fili lokacin da suka zama zakarun ƙasa a 1997, kuma ya zo ne daga jami'ar UCF da ke jihar Florida inda ya ci wasa 13 ba a cinye shi ko sau ɗaya ba a 2017. Babu uzurin da ba a yi masa ba. Kaka huɗu a jere bai taɓa cin wasa shida ba, alhali shida cikin goma sha biyu shi ne mafi ƙarancin abin da ke ba ƙungiya damar buga wasan ƙarshen shekara. A 2021 ya ci 3 aka cinye shi 9, duka taran da tazarar da ba ta kai maki goma ba. Masu haƙuri suka ce ai saura ƙiris. Amma ƙiris ɗin nan shi ne ciwon: a wasannin da aka tashi da 'yar tazara, ya ci 5 ne aka cinye shi 22. Abin da ke maimaita kansa haka ba rashin sa'a ba ne, ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyar da ke zubar da wasa a mintunan ƙarshe shekara da shekaru tana da matsala a horo da tsarin lokaci da yawan kurakurai, kuma waɗannan aikin koci ne. An sallame shi ranar 11 ga Satumba 2022, bayan Georgia Southern ta ci su 45 da 42 a gidansu, ya bar tarihin nasara 16 da rashin nasara 31. A ganina tun daga kaka ta huɗu abin ya koma jiran gawon shanu.

Wani kuma ya tambaya ko "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" na nufin daga kakar farko ake yanke wa koci hukunci.

Ba haka ba ne. Karin maganar cewa ta yi a duba alama, ba ta ce sakamakon Laraba shi ne na Juma'a ba. Kuma alama a wannan fage tana da wuraren dubawa. Ana duba irin ɗaliban sakandare da ya shawo kansu suka sa hannu, idan aka gwada da na abokan hamayya. Ana duba ko 'yan wasan da ya tarar sun fi yadda suke bara. Ana duba tazarar da ake cinye shi, tana raguwa ko tana nan. Ana duba watan Nuwamba, lokacin da kakar ƙwallon Amurka ke dab da ƙarewa, ko yaran suna buga masa wasa da zuciya ko jikinsu ya mutu. Nick Saban ya fara a Alabama a 2007 da nasara 7 da rashin nasara 6, har ƙaramar jami'ar Louisiana-Monroe ta ci shi a gida, amma ɗaliban da ya tara a 2008 su suka nuna Juma'ar, kofin ƙasa ya zo a kakar 2009.

Tsawon Larabar ma ya canja, kuma nan ne tsofaffin magoya baya da matasa ke magana ba sa jin juna. A da, babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka tana da guraben tallafin karatu 85, ba a yarda ta ɗauki sababbi fiye da 25 a shekara ba, ɗan wasan da ya sauya jami'a kuma sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Lissafi ne mai sauƙi: kafin koci ya cika ƙungiya da yaran da ya zaɓa da kansa sai ya yi shekara huɗu. Daga nan maganar "a ba shi shekara huɗu ko biyar" ta samo asali, shi ya sa Beamer ya yi kaka shida da nasara 24 da rashin nasara 40 da canjaras 2, aka bar shi, ya kai jami'ar wasan neman kofin ƙasa a kakar 1999. Yanzu an buɗe rajistar sauya sheƙa tun 2018, a 2021 aka soke zaman shekara gudan nan ga mai sauyin farko, aka kuma halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu. Indiana ta ci 3 aka cinye ta 9 a 2023, Curt Cignetti ya zo da 'yan wasa fiye da goma daga tsohuwar jami'arsa James Madison, ya ci 11 a 2024. To wa zai iya cewa matashi ya jira shekara biyar? Sai dai ƙofar da ake shigowa ita ake fita. Mike Norvell na Florida State ya fara da kaka biyu marasa kyau, aka yi haƙuri, ya ci 10 a 2022, ya ci 13 a 2023, sai ga shi a 2024 ya ci 2 an cinye shi 10. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

An kuma tambayi ginin "mahaƙurci mawadaci". Duka biyun sunan mai aikatawa ne da ɗafa-goshin "ma-", kuma harafin t na saiwar yakan koma c a gaban i: mahaƙurci, mahaƙurciya, mahaƙurta, mawadaci, mawadaciya, mawadata. Wadata a nan ta fi kuɗi faɗi, ta haɗa da wadatar zuci.

Ta ƙarshe daga wani mai fassara labaran wasanni: kora, sallama, tsigewa, raba gari, wanne ya dace da koci?

Tsigewa a bar wa mai riƙe da sarauta ko kujerar siyasa. Dakatarwa ta ɗan lokaci ce, ana iya dawowa. Murabus shi mutum ke yi da kansa, ko da an tura shi ne. Kora tana da zafi, tana ɗauke da wulaƙanci da zargin laifi, ta dace da wanda aka kama da saɓa doka aka hana shi ko sisi. Sallama ita ce ta fi dacewa da yawancin abin da ke faruwa, domin a Hausa in ka sallami ma'aikaci ka biya shi hakkinsa ne ya tafi. Raba gari kuwa lafazin sanarwa ne, mai ɓoye wanda ya fara cewa a rabu. Akwai kuma matakin da ke zuwa kafin duk waɗannan, wato a bar koci a sallami mataimakansa, kamar yadda Nebraska ta yi a Nuwamba 2021 da mataimaka huɗu, ta kuma rage albashin Frost daga dala miliyan 5 zuwa 4. Magoya baya kan kira wannan "an bar jaki ana dukan taiki", kuma sau da yawa gaskiyarsu ne, amma ba kullum ba: sauya mataimakan da Beamer ya yi bayan kakar 1992 shi ne mafarin tashinsa.

Kuɗin sallamar kuwa shi ke sa wani haƙurin ya zama na dole. Kwantiragin koci kan tanadi cewa in aka rabu da shi don rashin nasara kawai, sai an biya shi duk ko akasarin albashin shekarun da suka rage. Nebraska ta biya Frost dala miliyan 15, alhali da ta jira zuwa 1 ga Oktoba, kwana 20 kacal, da kuɗin ya ragu zuwa miliyan 7 da rabi. Tura ce ta kai bango. Texas A&M ta rabu da Jimbo Fisher a Nuwamba 2023 da alkawarin biyansa sama da dala miliyan 75, duk da ya ci wasa 45 an cinye shi 25. Mai fassara in ya rubuta "an kori Fisher" bai yi ƙarya ba, amma "an sallame shi" ta fi kama abin da ya faru, tunda kuɗin ana ci gaba da biyansa kashi-kashi har zuwa 2031.