Su Smith ɗin nan ba 'yan gida ɗaya ba ne

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso tun ranar Laraba, ciwon gwiwar nan ne ya hana ni zama in amsa miki. Kowa lafiya. Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kunnuwanki saboda sanyin Sheffield.

Kin ce malaminki Smith, matar da ta ba ku hayar ɗaki Smith, ga wani kanti a tashar jirgin ƙasa shi ma Smith, shi ne kike tambaya ko wani babban gida ne da ya mamaye Ingila, kuma mece ce ma'anar sunan. Na yi dariya, don ni ma da ƙuruciya haka na zata. To ba gidan sarauta ba ne. Smith dai maƙeri ke nan. Kalmar tsohon Turanci ce, mai aikin ƙarfe, mai zama gaban wuta da masaba da awartaki. Har rabon da muke yi na maƙeran baƙi da maƙeran fari su ma suna da irinsa, shi ya sa za ki ci karo da Goldsmith, maƙerin zinariya, ko Arrowsmith, mai ƙera bakin kibiya.

Da can Baturen Ingila suna ɗaya gare shi. Bayan da mutanen Nomandi suka tsallako daga Faransa suka ci ƙasar a 1066, sai sunayen yanka suka taƙaita, ko'ina John da William da Robert da Richard. Ki ɗauka ƙauye ne mai Audu goma. Dole a ce Audu dogo, Audu na bakin rafi, Audu ɗan Garba, Audu maƙeri. Haka suka yi. Daga nan Long da Brook da Johnson suka fito, da su Baker mai gasa burodi da Taylor tela. Har nan babu abin da ya bambanta mu da su.

Inda muka rabu shi ne takarda. Mu in Audu maƙeri ya rasu, laƙabin ya bi shi kabari, ɗansa ya zama Sani Audu, jikansa ya zama Musa Sani. Su kuwa masu gonaki da kotuna da masu karɓar haraji sun riƙa rubuta mutane a littafi, kuma wanda zai gaji gonar ubansa ya fi son a gan shi da sunan da aka rubuta uban. A 1377 aka ɗora musu harajin kai, kwabo huɗu a kan duk wanda ya wuce shekara 14, aka sake a 1379 da 1381 har talakawa suka yi bore. Jagoran boren ma sunansa Wat Tyler, wato mai jera tayal a rufin ɗaki. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun kafe a kan suna ɗaya da ake gado. A 1538, zamanin Sarki Henry na takwas, aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Tun daga nan sunan ya zauna daram, ko da ɗan maƙeri ya koma kiwon tumaki.

Abin da ya sa Smith ya fi kowane suna yawa kuwa, ki tuna garinmu gab da damina. Kin san yadda rumfar maƙera take cika, wannan ya kawo garma a gyara, wancan fartanya, yaro na ta zuga-zugi gumi na zuba, tartsatsi na tashi. Ƙauyen Ingila na wancan zamani ba ya rayuwa sai da mutumin nan: bakin garma, lauje, ƙusa, sarƙa, ga dawakinsu da ake buga wa ƙarfe a kofato. Ƙauye na iya zama babu maƙerin zinariya, amma ba ya zama babu maƙerin baƙi. Saboda haka maƙera dubbai, a garuruwan da ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa ya bar wa zuriyarsa suna iri ɗaya. Malaminki da mai gidan hayarku, mai yiwuwa abin da ya haɗa su kawai shi ne kakan kowannensu ya hura wuta shekara ɗari shida da suka wuce.

Ba Ingila kaɗai ba. Schmidt na Jamus, Lefèvre na Faransa, Kowalski na Folan, Haddad na Larabawa, duk maƙeri suke nufi. Har Ferrari, motar da yayanki ke mafarkinta, asalin sunan na maƙera ne a Italiya. Da Turawa suka bazu sai sunan ya ƙara kumbura da waɗanda ba su da jinin Ingila ko ɗigo. Jamusawa da yawa da suka sauka Amurka sun mayar da Schmidt ɗinsu Smith don su saje, 'yan Ayalan masu suna MacGowan, ɗan maƙeri a harshensu, wasu sun yi haka nan. Sai kuma mai ɗacin: bayin da aka kwasa daga Afirka, da yawansu sunan ubangidan da ya mallake su suka tashi da shi. In kin ga baƙar fatar Amurka mai suna Smith, kada ki yi masa tambayar nan da wasa. A ƙidayar Amurka ta 2010 masu sunan sun haura miliyan 2.4, babu sunan da ya kai shi.

Mu ma nan Arewa mun ga namu. Gwamnan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1957 sunansa Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe. Ki duba ikon Allah, waɗanda suka ba shi laƙabin ba lalle sun san sunan gidansu na masu dukan ƙarfe ba ne. Sai Farfesa Abdullahi Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Da ya musulunta ya karɓi Abdullahi, amma Smith ɗin bai ajiye shi ba, kuma ni ban ga laifinsa ba, sunan ubansa ne.

Ita mai gidan hayarku, ina kyautata zaton ma ba sunan gidansu ba ne, na mijinta ne, don al'adarsu mace kan ajiye na uba ta ɗauki na miji ranar aure. Wannan kam ba na sha'awarta. Ke dai duk wanda Allah ya haɗa ki da shi, sunan ƙanina ne zai tsaya a takardar digirinki.

In kin samu sarari ki leƙa gidan tarihin Kelham Island da ke nan garinku, garin wuƙaƙe da ƙarfe ne tun fil azal. Ki ɗauko mini hoton uwar maƙerarsu, ina so in nuna wa Sarkin Maƙera ya gani ko ta fi tasa.

Baffanki.