Tambaya da Amsa: Shin Lissafin Kwamfuta Kan Ruwan Madatsa Abin Dogaro Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman rani a ƙasar Daura. A bana wasu masana sun kawo mana manhajar kwamfuta wadda suka ce tana lissafa ruwan da zai rage a madatsarmu har zuwa bazara, kuma da lissafinta za a yanke faɗin filin da za mu shuka alkama da tumatir. Sun nuna mana zane, hasashenta ya hau daidai kan ma'aunin shekarun baya, amma dattawanmu ba su gamsu ba. Ta yaya za mu tabbatar kafin mu zuba jarinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dattawanku suna da hujja, domin zanen da kuka gani bai isa shaida ba tukuna. Kowace manhaja irin wannan, ko WEAP ce ta Cibiyar Muhalli ta Stockholm ko AquaCrop da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2009, tana da wuraren da masani yake saitawa da hannunsa, kamar yawan ruwan da ƙasa ke tsotsewa da wanda rana da iska ke shanyewa. Yakan yi ta gyara su har lissafin ya dace da bayanan da ke gabansa. Telan da ya auna ka kafin ya yanka yadi, ba abin mamaki ba ne rigar ta zauna maka.

Gwaji na gaskiya shi ne a raba bayanan gida biyu, a saita manhajar da kaso ɗaya, a ɓoye mata ɗayan, sannan a sa ta faɗi abin da ya faru a shekarun da ba ta taɓa gani ba. Masanin ruwa Vit Klemes ya tsara wannan hanya a 1986, ya kuma ƙara sharaɗin da nake ganin ya fi shafar mu: idan a lokacin ƙarancin ruwa za a yi aiki da ita, to a saita ta da shekarun wadata, a gwada ta da na fari. Duk wanda ya ji labarin farin 1973 da na 1984 daga bakin iyayensa ya san cewa a irin waɗannan shekaru ne kuskure yake cinye dukiya. Saboda haka ku tambaye su kai tsaye waɗanne shekaru aka ɓoye mata, da nawa ta kauce a shekarar da ta fi bushewa.

Ku kuma tambayi inda aka samo alƙaluman ruwan sama. Idan daga tashar NiMet (hukumar hasashen yanayi ta Najeriya) ta Katsina ne, tsakaninta da Daura kusan kilomita 80 ne, alhali kun sani hadari yakan zuba a ƙauye guda ya tsallake maƙwabcinsa. Haka nan girman madatsar: idan adadin ruwan da take ɗauka a ranar da aka gina ta aka shigar, laka da yashin da damina ke kwasowa sun riga sun rage shi. Gora mai tsawo da kwalekwale za su nuna muku hakan.

Kuskuren ma ba nauyinsa ɗaya ba. Idan manhajar ta rage ruwan, wani fili ne zai kwana babu shuka. Idan kuwa ta ƙara shi, alkama ce za ta rasa ban-ruwa tana fitar da kai, bayan an kashe kuɗin iri da taki da man inji. Don haka kada ku karɓi adadi guda, ku nemi su faɗa muku mafi ƙarancin abin da za a iya samu, ku yanke fili a kansa.

Shawarata ita ce a bana ku shuka gwargwadon yadda kuka saba. Ku kafa sanda mai alamar santimita a bakin madatsar, mutum ɗaya ya riƙa rubuta tsayin ruwa a littafi kowace safiya, ku kuma ajiye ma'aunin ruwan sama kafin damina. Masanan su rubuta hasashensu na kowane wata tun daga Nuwamba, su sa hannu su ba ku, sannan a ƙarshen Maris ku zauna tare da su da dattawan ku buɗe littattafan biyu.