Me ya sa robar da aka gauraya take gautsi?

Tambaya: Ina aiki a wata ƙaramar masana'antar narka roba a Sharaɗa, Kano. Idan muka zuba niƙaƙƙun gorunan ruwa tare da ledar ruwan sha da tsofaffin bokitai a injin, kayan da muke bugawa sukan fashe da wuri. Shin zafin ne bai isa ba?

Amsa: Malam, ƙarin zafi ba zai yi maganin wannan matsala ba, domin robobin da ka lissafa ba jinsi ɗaya ba ne. Gorar ruwa PET ce, wadda take narkewa a wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius, ledar ruwa folietilin ce mai narkewa a wajen digiri 110, bokiti kuwa galibi folifuropilin ne, mai narkewa a wajen digiri 165. Ko da duk sun narke, ba sa shiga juna, kamar ruwa da mai. Sandar da ke juyawa a cikin injin tana tarwatsa ɗaya zuwa ƙananan ɗigo a cikin ɗayar ne kawai, kuma a iyakar ɗigon nan ne tsagewa take farawa.

Manyan masana'antu suna amfani da injin mai sanda biyu, wanda a cikinsa ake sa sinadarai su yi aiki yayin da robar take wucewa. Misali, don haɗa folifuropilin da robar nailan, ana liƙa sinadarin maleyik anhaydiraid a jikin sarƙar folifuropilin, wato dogon jerin ƙwayoyin da suka yi robar, da taimakon wani sinadari mai suna ferokzaid, sannan wannan sarƙa ta kama bakin sarƙar nailan, ta ɗinke jinsin biyu a daidai inda suka haɗu. Ta irin wannan hanya kamfanin DuPont ya samar da nailan mai jure duka a shekarun 1970. Sai dai ferokzaid yana buƙatar awo, domin yana tsinka sarƙar folifuropilin, alhali kuwa yana ƙulle ta folietilin har ta yi gudaji.

A ganina, ga ƙaramar masana'anta tantancewa ta fi sayen sinadari riba. Ku duba lambar da ke gindin kaya: 1 ita ce PET, 2 da 4 folietilin, 5 folifuropilin. Ku busar da PET sosai, domin danshi yana tsinka sarƙarta a cikin injin. Mai lamba 3, wato PVC, kada ta shiga ko kaɗan, saboda a zafin da PET take narkewa tana fitar da iskar asid mai cin ƙarfe da cutar da huhun ma'aikata.