Tambaya da Amsa: Wai wace iska ce radon da ake gwadawa a azuzuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makarantar yarana sun aiko da takarda wai za su ajiye wasu 'yan na'urori a azuzuwa don gwada wata iska mai suna radon. Ni dai na sha shiga ajin ban taɓa jin wani wari ba, to me ake nema? Ko in bar yaran a gida har a gama? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dan Allah kar ki hana su zuwa, na'urar ba ta fitar da komai, ɗan gwangwani ne ko ƙaramar roba da ake ɗorawa kan kantar aji nesa da taga da ƙofa, tana zaune tana auna iskar ɗakin, in lokaci ya cika a kai ta dakin gwaji.

Batun wari kuwa, ai nan matsalar take, radon ba ta da wari ba ta da launi, hanci ba zai taɓa gaya miki tana nan ba. Daga ƙasa take fitowa, ma'adinin yuraniyom da ke cikin duwatsu da ƙasa ne yake rugujewa a hankali yana sakin ta, ta biyo tsagar daɓe da gefen bututu ta shigo gini. A fili iska na kwashe ta, amma a ɗaki rufaffe sai ta taru, mutum ya yi ta shaƙa shekara da shekaru tana lalata masa huhu bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu radon ce sila, ita ke bin taba sigari a baya, mai shan taba kuma haɗarinsa ya ninka sosai. A 2009 hukumar ta ba da shawarar ma'aunin ya tsaya a bekarel 100 (bekarel shi ne awon da ake auna yawan radon da shi) a kowace mita kubik ta iska, kar dai ya wuce 300.

Me ya sa makaranta? Bayan gida babu inda yaro ke daɗewa kamar aji, malamin ma ya fi shi, wani sai ya yi shekara ashirin a ɗaki ɗaya. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA da ta yi bincike ta gano kusan makaranta ɗaya cikin biyar tana da aƙalla aji guda da ya haura ma'auninsu.

Abin da nake so ki tambayi shugaban makarantar shi ne, duk azuzuwan da ke ƙasa za a gwada ko kaɗan za a tsinta? Wannan ya dame ni gaskiya, domin aji biyu na jikin juna sai ka ga ɗaya lafiya lau ɗaya kuma ya yi sama, to gwada biyu a ce an gama bai wadatar ba. Ki kuma tambayi tsawon gwajin, na kwana 2 zuwa 5 somin taɓi ne kawai tunda iskar tana hawa tana sauka, na wata 3 shi ya fi nuna gaskiya, kuma a yi shi lokacin da ake karatu, ba lokacin hutu ba.

In ma sakamakon ya fito da yawa kar hankalinki ya tashi, cutar ba ta kwana ɗaya ba ce kuma ana gyara ginin. Ana liƙe tsagogin daɓe, a ƙara hanyar shigar iska, in ta yi yawa a sa bututu da fanka ya zuƙo ta daga ƙarƙashin ginin ya fitar ta saman rufi. Bayan gyaran sai an sake gwadawa, kuma ki nemi su nuna wa iyaye sakamakon a rubuce.