Amsa ga Hajiya mai neman talabijin ta bango a Jos

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce tsohuwar talabijin ɗinku mai ƙaton baya ta gaji, hoto na rawa, kina neman ta bango mai ƙarko wadda kuɗinta bai fi ƙarfin aljihu ba. Na daɗe ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a nan Jos, talabijin ita ce jarina, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Yawancin talabijin ɗin da suka mutu a hannuna wutar lantarki ce ta kashe su. Tsohuwar taki tana jure hawa da saukar wuta, ta bango kuwa ba ta da wannan haƙurin. A ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, sai allon wutar da ke cikinta ya ƙone. Saboda haka tun kafin ki taya, ki ware kuɗin 'yar na'urar nan da masu shago ke kira gad, wadda ke riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kawo ta kafin ta sake ta ga talabijin. In unguwarku wuta na yawan yin ƙasa, ki ƙara da sitabilaiza. Sannan kin san tsawar Jos da damina. Ba ta soket kaɗai take shigowa ba, tana bin wayar dish ko eriya ta ratsa dikoda ta ƙona ramin HDMI, wato inda ake soka wayar dikoda a jikin talabijin. Hadari ya haɗu, a zare fulogi, a zare wayar dish ma. Kashewa da rimot ba ya hana komai.

Girma: inci 32 ya ishi ɗaki, falo kuma 43. Mai shago zai yi ta yi miki kirarin 4K, wato hoto mai tsananin kaifi. Ki bar shi ya gama. Dikodar da akasarinmu ke kallo da ita ba ta ba da hoton 4K, kuma a Netflix awa ɗaya ta 4K na iya cin data har 7GB. Full HD, wadda kaifinta bai kai na 4K ba, a inci 43 ta wadatar.

Wajen suna, Hisense da TCL su ne nake ganin kuɗinsu da aikinsu sun yi daidai. LG da Samsung suna da kyau, sai dai ana biyan sunan. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne inda aka saya, domin kasuwa cike take da jabu: allo marar asali, a manna masa tambarin babban kamfani, a sa a kwali mai sheƙi. Ki je wurin dila na gaskiya, kamar Fouani da ke rarraba LG da Hisense, ko shagon da zai ba ki rasit da katin garanti mai hatimi. Lambar da ke bayan talabijin ta yi daidai da ta jikin kwali. Ki tafi da tef na tela ki auna allon daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 43 kusan santimita 109 ne, 32 kuma kusan 81. An sha sayar wa mutane ƙarama da sunan babba. A kunna miki ita nan take, a sa farin hoto fes, ki duba ko akwai ɗigon baƙi ko wani gefe mai duhu.

Ta hannu, wato Beljiyam, ba na ba mai gida shawararta. Fitilun da ke haska allon daga baya sun riga sun sha aiki, ba garanti, wasu daga Amurka ma na wutar 110 ne.

Su waɗannan fitilun su ne ke fara gajiya ko a sabuwa. Daga shago ana zuwa da hasken a ƙure don ta ja ido. Kina kai ta gida ki sa yaro ya shiga saiti ya rage hasken baya zuwa wajen rabi, za ta ƙara daɗewa, kuma ba za ta zuƙe batirin inbata ba in kuna da sola. Ran da kika ji murya ba hoto, kada ki ce ta mutu. Haska allon da tocilar waya, in kin hango hoton dishi-dishi, fitilu ne, mai gyara zai canja su da kuɗi kaɗan. Fashewar allo ce ba ta da magani, kuɗin sabon allo ya kusa na sabuwar talabijin, garanti kuma ba ya ɗaukarsa. In akwai ƙananan yara, a kafe ta a bango sama da inda hannunsu ke kai.

Wani abu da ake mantawa: a Jos aka fara ƙaddamar da talabijin na dijital a Najeriya, a Afrilun 2016, shi ya sa gidaje da yawa ke da dikoda tun wancan lokacin. Tsofaffin dikodojin da waya mai kai uku suke aiki, ja da fari da rawaya, sabbin talabijin kuma wasu ba su da wannan ramin sai HDMI. Ki leƙa bayan dikodarku kafin ki fita. Muryar ta bango ma siririya ce, ba kamar tsohuwar ba, mai son wa'azi ko labarai da ƙarfi sai ya haɗa da 'yar sifika.

Ni da zan saya wa gidana yau, Hisense ko TCL inci 43 zan ɗauka a wurin dila, da gad da ƙarfen kafewa. Faɗa min irin dikodar da kuke da ita da yadda wutar unguwarku take, sai in ce miki ko sitabilaiza dole ce.